Yatsu Uku a Wuyan Tulu

Zuwa ga ɗiyata Barira, a Yamai.

Da sunan Allah nike farawa. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, ina roƙon Ubangiji Ya sa takardar nan ta iske ki lafiya cikin sutura, Ya tsare ki daga sharrin abin da ido ke gani da wanda ba ya gani. Babanki yana gaishe ki. Mu nan lafiya lau muke, gero ya fara fidda kai, amma ba labarin gona ya zaunar da ni ba.

Kada ki yi dariyar rubutuna. Na san layukan sun karkace, rabona da riƙe bik in yi rubutu haka tun muna karatun manya a Attantane. Na ɗauki talho in yi maki bokal, saƙon murya, kamar kullum, na danna, bakina ya ƙi buɗuwa. Ban kuma yarda in faɗa wani ya rubuta ba, don ba na son kowa ya riga ki ji. Ki samu wuri ki zauna, ki karanta har ƙarshe, ke da ba ki iya zama wuri guda.

Na ji an sa sunanki cikin matasa masu fasahar zamani waɗanda aka ce duniya ta zuba musu ido. Malamin lakwal, makarantar boko, ya karanta mana a talhonshi, ya nuna mana hotonku: ke, da yaron Damagaram mai ɗinke tsoffin buhuna yana rataya su a bango, da yarinyar nan mai ɗaukar hoton ƙofofin gidaje. Wallahi na ji daɗi, Barira, har na yi guɗa ni kaɗai a tsakar gida. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina gina randar da ke riƙe ruwa ba wanda ya tambayi sunana, ga ɗiyata ta gina tulunan da ko kofi guda ba su riƙewa, wasu ma ba baki, an ɗora su bisa fararen akwatuna manyan mutane na zagaye su hannu a baya. Ban gane ba, amma ban raina ba. Matan rijiya da suka ce wasan yara kike yi, yanzu su ke tambayata yaushe za ki shiga jirgi.

To ga abin da nike roƙo, in faɗa maki tun da fari: tulunan nan da suka sa aka zaɓe ki, kada ki bari a sa su a kartan, kwalin kaya, a ƙetare teku da su. Ki dawo mani da su gida, dukansu. Na san su ne ƙafarki ta shiga wancan waje, na san in kin janye su madam mai gidan nunin tana iya goge sunanki ta sa na wani. Na sani sarai. Ki ji dalilina tukuna kafin ki yi fushi.

Kin san an yi wani kafin ke. Kin ji ana cewa ɗan farina ya koma yana ƙarami, iyakar abin da kika sani ke nan, don ni ban taɓa ba ki labarinshi ba. A zamaninmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi gaban mutane, ko kallonshi ba ta yi da yawa. Ni kuwa na ɗauki kunyar nan na kai ta inda ba a aike ni ba, don ina son kakarki, uwar babanki, ta ce an kawo mata mai tarbiyya daga Maijirgi. "Yaron nan" nike ce mashi. In ya yi kuka sai na jira wata ta ɗauka.

Wani hantsi ina ginin tulu, na gama wuya ina shafe shi da ganye, sai ya zo da ƴar tafiyarshi ta masu koyo, ya dafa tulun don kada ya faɗi. Yatsunshi uku suka nutse a ɗanyen yumɓu. Ya ɗago kai yana yi mani dariya. Kakarki na zaune tana kallo. Na make mashi hannu. Ba da ƙarfi ba, amma ya janye hannun ya ɓoye a ƙirji, bai ko yi kuka ba, kallona kawai ya yi. Da ya juya ban iya shafe wurin ba, na gasa tulun haka nan, na ce ya lalace ba ya sayuwa, na aje shi a ɗakina.

Kafin damina ta dawo baƙon dauro ya shigo garin, ya tafi da shi. Maza suka aiko a ba su tukunyar da za a raba a rufe kushewa, kamar yadda ake yi wa ƙananan yara. Kakarki ta shiga ɗakina ta ɗauko tulun nan, tunda dama shi ne wanda ba ya sayuwa. Ina gani ta fita da shi. Ko kuka ban yi ba a gaban jama'a, aka yi ta yabona wai ina da dauriya.

Saboda haka, ɗiyata, in Allah Ya ba ki naki, ko ɗa ne ko almajirin sana'a, ya sa hannu ya ɓata maki aiki, ki bar hannun. Yumɓu ana sake kwaɓa shi. Kuma kada ki yi wa mai rai rowar fuska don a yabe ki. Waɗanda suka yabe ni duk sun mutu, yabon bai bi ni ɗaki ba ko sau ɗaya.

Kuskurena na biyu ya fi wannan, kuma shi ya shafe ki.

Kin san ba a gina tukunya da yumɓu zalla, sai an daka tsingaro, wato fasassun tsoffin tukwane, an tankaɗe garin an gauraya, in ba haka ba wuta ta tsaga ta. Shekarar da nike da cikinki tsingaro ya yi wuya. Maginan garin mun yi yawa, kowane juji an tsince shi. A daminar nan Gulbin Kaba ya yi ambaliya, ruwa ya yanka kwazazzabo a gabas da gari, cikin wani fili da sabara da kalgo suka cinye. Ina neman itace da tsakar rana na faɗa wurin. Barira, tsingaro ne manya-manya, rabi-rabin tukwane, wasu kwance a rairayi, wasu sun leƙo daga jikin gaɓa. Duk a kife suke, duk a jere. Wurin shiru, ko kurciya ba ta kuka.

Zuciyata ta faɗa mani wani abu, na yi mata tsawa. Na ce kufai ne, tsohon mazaunin mutane. Ni baƙuwa ce a garin, aure ya kawo ni, kuma mace ba ta bin gawa. Ina zan san tsohuwar maƙabarta ce wadda ba a daɗe da bari ba, aka koma ta arewa? Haka nike faɗa wa kaina har yau. Amma gaskiya ita ce da na tambayi tsoho guda ɗaya da ya faɗa mani, ni kuwa ban tambaya ba don kada sauran magina su ji su riga ni. Na kwashi na ƙasa, na zaro na jikin gaɓa, na yi ta jida a kwando ina rufewa da ganye.

Tsingaron nan daɗin daka gare shi, yana narkewa a turmi. Ga shi cikinki ya sa mani kwaɗayin ƙasa, irin na masu ciki. Ina daka ina dangwala ina lasa. Wannan ma ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Gashin farko da na yi da garin, ban taɓa fidda kaya masu kyau irinsu ba. Ko guda bai tsage ba, in kin ƙwanƙwasa sai ki ji amo kamar na ƙarfe. Na ɗora a amalanke zuwa kasuwar Mayahi, kafin la'asar babu ko ɗaya. Ba a jima ba maganganu suka fara dawowa. Wata ta ce ruwan randarta sanyinshi ya yi yawa, har haƙori yake riƙewa, ko a tsakiyar bazara. Wata ta ce da tsakar rana, in gida ya yi tsit, tana jin ana ƙwanƙwasa randar daga ciki, a hankali, kamar da ɗan yatsa. Na ce mata ƙadangare ne. Ta uku ita ta tsinka mani zuciya. Ta zo da dariyarta, ta ce ɗanta mai koyon magana ya daina wasa da yara, sai ya je ya zauna gindin tulun da ta saya wurina, yana ta surutu, yana yin shiru kamar mai jiran amsa, har yana miƙa mashi tuwo.

Na dawo gida na ce duk zancen mata ne. Na zauna in ƙarasa dakan abin da ya rage. Na fasa wani babban ɓari, na jefa a turmi, na daka, na sake jefawa. Na ɗauko guntun ƙarshe, na wajen wuya, sai babban yatsana ya taɓo wani ɗan rami. Na juya shi. Rami uku ne, ƙanana, a jere.

Na saki taɓarya. Ki fahimce ni, ba ƙashi na daka ba, Allah Ya kiyaye. Rufin da aka yi mashi ne na zare da hannuna, na bar ƙasa tana zuba mashi, na kawo gida na daka, har na lasa.

To ke da kike yawon tsince-tsince, ke da abokan sana'arki masu son tsohon abu, tsohuwar ƙofa, tsohon zane, ƙasar wuri kaza: kada ki ɗauki abu sai kin tambayi na wane ne, kuma mi aka yi da shi. Abin da kika gani a yashe ba lallai ba ne yasasshe. In kin ga abu ya zo maki da sauƙi kuma kin ji ba ki son kowa ya sani, to ki aje shi, wannan rashin son shi ne amsarki.

Na bi kayan nan gida-gida, na ce gashin bai yi ba, na musanya masu da wasu, na kai su kwazazzabon na fasa. Amma garin da ke turmi, wanda tulunshi ke ciki, na kasa mai da shi. Tsoro yana ciki, don in maganar ta fita ba mai sake shan ruwa a randata, ƙila ma a kira ni da sunan da ba ya wankuwa. Amma ba tsoron ne babba ba. Ba ni da rigarshi, ba ni da hotonshi, ko sunanshi ba ni da shi a bakina. Garin nan da guntun nan su kaɗai suka rage mani. Na zuba garin a wani tsohon tulu, na liƙe bakin da laka, na tura shi bayan rumbu. Guntun kuma yana ƙasan akwatina cikin ɗankwalin aurena.

Aka haife ki lafiya. Sai dai tun kina rarrafe ba ki da abin wasa sai yumɓu, kuma in za ki tashi tsaye, da yatsu uku kike dafa abu. Ban ce komi ba a kan wannan, yanzu ma ba fassara nike yi ba. Amma ban taɓa make maki hannu ba, ko da kika rushe mani randa sukutum ranar jajibirin kasuwa. Kina cewa na shagwaɓa ki fiye da ƙannenki. To ga dalilin.

Na uku kin san rabinshi, don kina wurin. Bazarar da ta wuce da kika zo hutu, kina ta bincike-bincikenki kamar kaza, kika jawo tulun nan daga bayan rumbu, kika fasa liƙin. Ina tsaye da tsintsiya. Kika murza garin a yatsu kika ce ba ki taɓa ganin mai laushi irinshi ba, kika tambaye ni ko kina iya tafiya da shi Yamai. Bakina ya buɗe, Allah Ya sani ya buɗe. Abin da ya fito shi ne, "Tsoho ne, ɗauki." Na raka ki tashar Tasawa ina kallon yaron mota yana ɗaure buhun garin bisa kaya, na ɗaga maki hannu, na dawo na kwanta da zazzaɓi. Na ce wa raina ai gari ne kawai, shekaru sun wuce, komi ya huce.

Sai ga hotunan da kika turo. Kika ce in ja hoton da yatsa ya ƙara girma in ga wuyan tulunan. Na ja. Kowane ɗaya, Barira, babba da ƙarami, rami uku a gefen wuya. A bokal ɗinki kina dariya, kina cewa ke ba ki tuna kin danna ba, sai bayan sun bushe kike ganinsu, kuma madam ta ce kada ki gyara, wai shi ne sa hannunki, da shi za a riƙa gane aikinki ko'ina. Kika ƙara da labarin da kika ɗauka na ban dariya ne: wai gardin da ke tsaron gidan nunin ya ce in an rufe da tsakar rana yana jin ƙwanƙwasa a ɗakin, kuma wai ranar buɗewa ɗan wata baƙuwa ya ƙwace daga hannun uwarshi ya je ya zauna gaban ƙaramin tulun, yana ta yi mashi hira, sai da aka ɗauke shi yana kuka. Na saurari bokal ɗin nan har talhon ya mutu.

Shawarata a nan gajera ce, don ni ban bi ta ba: maganar da ta wajaba, ki faɗe ta lokacin da ake tsaye gabanki. Shiru ba ya tsufa ya mutu, jira yake yi. Kuma in mutanen can suka tambaye ki ma'anar ramukan nan, kada ki ƙaga musu labari mai daɗi don su rubuta. Na lura irin aikinku rabinshi hannu ne rabinshi baki, kowa sai ya ce abinshi na nufin kaza. Ki faɗi abin da kika sani, wanda ba ki sani ba ki ce ba ki sani ba.

Na faɗa wa babanki. Bayan azahar ce, yana gindin dogon yaro yana tufkar igiya. Na durƙusa na kwashe komi na faɗa mashi, tun daga kwazazzabo har zuwa hotunan, na ciro guntun na aje gabanshi. Na zaci zai yi faɗa, da ya yi ma da na ji sauƙi. Ya ɗauki guntun ya daɗe yana kallo, ya sa ƙaramin yatsanshi a ramin, bai shiga ba. Daga nan ya ce:

"Shi ya sa. Kowace damina ina zuwa wurin. Kowace damina ina iske nashi ya lotsa, shi kaɗai. In cika da ƙasa, in sa ƙaya, baɗi in iske shi a buɗe. Na zaci karnuka ne. Ban faɗa maki ba don kada in tayar maki da hankali."

Kin ji mu. Gida ɗaya, tabarma ɗaya, kowa na ɓoye wa ɗan'uwanshi yaro guda.

Na san abin da liman zai ce, wanda ya tafi ba ya dawowa, ba ya ƙwanƙwasa tulu. Na yarda, ban ja da wannan ba. Ƙila zafin rana ne ke sa gasasshen yumɓu ƙara, ƙila hannunki ne ke dannawa ba ki sani ba. Ba na neman ki yarda da komi. Abin da na sani ba shakka shi ne, rufin kushewar yayanki yana cikin tulunan nan, shi kuma yana kwance ba rufi tun kafin a haife ki. In suka shiga jirgi za a rarraba su, wannan ya saya ya kai ƙasarshi, wancan ya kai tashi, a aje su a ɗakunan mutanen da ba su san ko fatiha ba. Daga nan ba mai iya tattaro su har abada.

Babanki ya ce in kin kawo su shi zai kai da kanshi, shi da ƙanenshi, su fasa su jera yadda ake jerawa, su sa guntun nan a sama, su rufe, a yi addu'a. Ni ba zan je ba, mace ba ta zuwa. Zan tsaya bakin gari inda ake hango sabarar.

Ba hannu wofi zan bar ki ba. Na haƙo yumɓu mai kyau na jiƙa, na daka tsingaro mai tsabta, na tsoffin randunana da na san asalin kowace. Na tara kara da kashin shanu, ramin gashi yana nan. Ki zo mu gina wasu, ke ki ba su siffarki ta marasa baki, ni in riƙe maki wuta, don har yanzu ba ki kai ni sanin wuta ba, duk da hotonki a talho. Ki gaya wa madam gaskiya ko ki ce kaya ne na gida aka nema, wannan ya rage naki. In ta jira, alhamdulillahi. In ta goge sunanki, ni na jawo, kuma ba zan ce ki yafe mani da wuri ba. Hannun da ya gina waɗancan yana jikinki. Ko sababbin za su fito da rami uku ko ba za su fito ba, ni ma ina son in gani, kuma ina tsoron gani.

Kafin ki taso, kada ki kwana ɗaki ɗaya da su, kada kuma ki bari a zuba ruwa a ko ɗaya. Ki naɗe kowane da zane, ba da takarda ba. A mota ki ce a sa su ciki kusa da ke, kada a ɗaure su a sama cikin rana.

Allah Ya tsare hanyarki daga Yamai har Tasawa, daga Tasawa har ƙofar gida. Ya tsare ki a inda za ki bayan nan, ko da jirgi ko da ƙafa, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya sa albarka a hannunki, Ya sa idon da aka zuba maki ya zama na alheri. Ki ci abinci, kin rame a hoton nan. In kin idar da salla ki sa yayanki a addu'a, kuma ki kira shi da sunanshi, don a san wa ake nufi. Ni ban kira shi ba yana da rai, ban kira shi ba da ya tafi. Na gwada ɗazu ni kaɗai a ɗaki, muryata ba ta fita ba, amma hannuna ya yarda.

Sunanshi Lawali. Ki kawo mani shi gida.

Innarki.